Jan Lalle da Jinin Tsohuwa

Ranar da na fara ganin an harbi Tsohuwa, abinci bai shiga bakina ba sai washegari.

Tsohuwa ba mutum ba ce. Orangutan ce, irin manyan biran nan masu jan gashi da dogayen hannaye, waɗanda asalinsu daga dazukan Asiya ne. Tana da sunanta na Turanci a rubuce a jikin keji, amma ni ban taɓa kiranta da shi ba. Tsohuwa nake ce mata, tana kuma amsawa in ta ga dama. A wani ƙaramin gidan namun daji take, can bakin birnin New York, inda sai na hau jirgin ƙasa daga Bronx, na sauka na kama bas kafin na kai. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ba tone-tone na zo yi ba.

Na zo ƙasar nan da takardar karatun kiwon lafiyar dabbobi daga gida, ta kuma daɗe ba ta tsinana min komai ba. Aikin kula da tsofaffi na yi a gidajensu: wanka, canjin zanen gado, tsikarar ɗan yatsa a duba suga. Da aikin gidan namun dajin ya samu, na je na gaya wa Yayata, wadda take da shagon ɗinki a titin 116 a Harlem. Ta ajiye almakashi ta tafa hannu.

"Auta, duk karatun naki a kashin biri ya ƙare?"

Na ce, "Yaya, kashin mutum na baro. Wannan ai ci gaba aka samu."

Ban daɗe da fara aiki ba likitar dabbobinmu ta ce lokacin duba jinin Tsohuwa ya yi. Baturiya ce, siririya, ba ta da yawan magana. Ita ta fahimtar da ni cewa waɗannan birai ɓoye ciwo suke yi. Sai ki ga dabba na ci na sha, alhali ƙodarta ta kusa tashi daga aiki. Jini ne kaɗai ba ya rufa musu asiri. A cikinsa ake ganin halin da ƙoda da hanta suke ciki, da yawan suga da kitse, da fararen ƙwayoyin nan da ke ƙaruwa idan cuta ta shiga jiki, da jajayen da ke raguwa idan jini ya yi ƙasa. Matsalar ita ce biri ba ya miƙo hannu a tsira masa allura. Sai an harbe shi da bindiga mai allurar barci.

Tun da safe aka hana Tsohuwa abinci, aka rufe ta a ɗakin baya. Tana hango shuɗiyar safar hannu a hannun likita ta san abin da ake ciki. Wallahi ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ta haye saman raga, ta riƙa jijjiga ƙarfen da hannu da ƙafa har garin siminti na zubowa. Ta saki fitsari, ta damƙi kashinta ta watso mana. Allurar farko ta same ta a cinya, ta fizge ta kafin maganin ya gama shiga, ta tauna, ta wurgo ta. Kaɗan ya rage ta tsone wa likita ido. Ta biyu ta same ta a kafaɗa. Nan ta diro, ta riƙa buga kanta da bango, gum, gum, har leɓenta ya fashe, jini na bin gashin haɓarta. Ta sake hawa sama. Muna kallo maganin ya fara cin ƙarfinta, hannu ɗaya ya saki, ta yi ta reto da ɗayan, sannan ta faɗo. Mun tara mata ciyawa a tsakiyar ɗaki, amma a gefe ta faɗi, a kan tsurar siminti. Ƙarar faɗuwar nan kamar an yar da buhun masara daga kan mota.

Maza suka cicciɓe ta a raga zuwa kan tebur. An ɗibi jinin, ana cikin rufe 'yan kwalabe sai numfashinta ya ɗauke. Likita ta zura mata bututu a maƙogwaro, ta hau danna mata ƙirji tana zagi ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na tsaya riƙe da ƙafar Tsohuwa ina ta salati, ban ma san ina yi ba. Da ƙyar ta dawo.

Bayan an gama, na tarar da likita a bayan gini zaune a kan kifaffen bokiti. Ta ce min zuciyar Tsohuwa ta raunana, kuma in aka sake sa ta barci, ba ta da tabbacin za ta farka. Sannan ta faɗi abin da ya tsaya min a rai har yau. Ta ce jinin nan da muka sha wahala muka ɗiba, rabinsa tsoro ne. Dabbar da aka kora aka harba, sugarta tashi take yi, fararen ƙwayoyinta su ƙaru, ba don cuta ba, don firgici. Kuma ma'aunin da ake gwada sakamakon da shi, wanda aka tattaro daga sauran gidajen namun daji, mafi yawansa ta wannan hanyar aka samo shi.

Na ce, "Wato jinin firgitacce ake aunawa da na firgitattu?"

Ta ce haka ne. Da Turanci muke magana, amma wannan amsar ko kurma ya gane ta.

Ita ta kawo shawarar bututun ɗibar jini. Wani fayif ne na roba mai kauri, aka ɗaure shi da kusoshi a jikin ragar kejin, bakinsa na ciki. An yanke taga a samansa, an gitta ƙarfe a ƙarshensa. Abin da ake so shi ne Tsohuwa ta zura hannu da kanta, ta kama ƙarfen ta riƙe, likita ta tsira allura ta tagar, ni kuma ina gabanta ina ba ta ruwan tuffa da inabi. Ba bindiga, ba barci. Aka ce ni zan koya mata, tunda ta fi sakewa da ni.

Kai, na ga tsiya! Tsohuwa ta cusa ciyawa a bututun. Na cire, ta yi fitsari a ciki. Ta kurɓi ruwan tuffa ta feso min a fuska, ta koma gefe tana kallon sama, ko a jikinta. Wata rana ta kwance kusa ɗaya da yatsunta, ta ɓoye a baki, ta ƙi ba ni sai da na biya ta da inabi. Daga nan ta mai da abin sana'a. Duk abin da ta tsinta, dutse ne, murfin kwalba ne, sai ta miƙo min ta raga ta tsaya jiran ladanta. Nakan zage ta da Hausa son raina. "Ke dai an yi tsohuwar banza! 'Yar kasuwa kawai!" Sai ta turo leɓe kamar ta ji, kuma na san ta ji.

Shuɗiyar safar hannu kuwa, ko daga nesa ta hango ta an gama aikin ranar. Don haka likita ta yarda ni da ita mu riƙa sa irin farar safar ledar nan garai-garai, wadda ake ganin fata ta ciki. Tsohuwa tana son kallon hannuna. Kowace safiya sai na kifa tafina a jikin raga, ta bi layukan da bayan farcenta. Akwai ranar da wuƙa ta yanke ni wajen yanka albasa, na zo da filasta a ɗan yatsa. Ta ƙi yin komai a ranar, ita dai a ba ta yatsan. Ta shinshina, ta hura masa iska, ta yi ta ƙoƙarin ɓare filastar da leɓe. Haka take yi wa nata ciwon, ba ta iya ganin rauni ta ƙyale.

Mun kusa cinye shekara a haka. Ta koyi zura hannu. Ta koyi riƙe ƙarfen. Ta yarda a aske mata gashin wurin, a goga audugar sanyi, a danna mata allura marar kaifi. Saura ta gaske kawai.

Sai ta fara ramewa. Ruwa take sha ba ƙaƙƙautawa, fitsari ba iyaka, abinci kuma ta taɓa ta ture. Gashinta ya dushe. Likita ta ce ko suga ce ko ƙoda, kuma maganin ɗaya na iya zama guba ga ɗayar, don haka ba za ta ba da komai ba sai ta ga jini. Ta faɗa min ƙarara: in an samu ta bututu, to. In ba a samu ba, bindiga ce, kuma ni da ita mun san abin da bindiga ke nufi. Aka tsayar da Litinin.

A ƙarshen makon nan ne kuma ake aurar da 'yar Yaya, yarinyar da a bayana ta girma. Ranar Juma'a da yamma mata suka cika falon Yaya, ana ta hayaniya, yara na amsa mana da Turanci. An ɗauko mai lalle, wata 'yar Damagaram da ke zaune a unguwar, hannunta kamar inji. 'Yan mata suka yi ta zaɓen zanen fulawa a waya. Ni na ce na gargajiya nake so, irin na iyayenmu: a tsoma kan yatsu, a cika tafi, a ƙunshe da leda. Ƙanwar uwar amarya ce ni, uwa ce ni a wannan biki, yaya za a yi in fita da hannu fari fat kamar mai takaba? Har gobe ban ga laifin wannan ba, kuma duk wanda ya ce min laifi ne zai ji abin da bai so ba.

Da aka kwance, lallen ya kama har ya wuce misali. Ja jawur, kan yatsun ya koma baƙi-baƙi. Mai lalle ta ɗaga hannuna tana nuna wa mutane. "Se bon, ya yi kyau, Hajiya! Jininki na son lalle." Aka yi ta tsokanata, wai maigida zai manta hanyar filin jirgi. Direba ne shi, a JFK yake jiran fasinja.

Litinin na isa da wuri, da inabi cike da aljihun rigar aiki. Ni da likita ne kawai a wurin kejin, don kar Tsohuwa ta tsargu. Na sa farar leda. Na kira ta, ta taso a hankali, ta zauna a gabana. Na ga tana kallon hannuna, kallo mai tsawo, amma ai kullum tana kallonsa. Na ce, "Hannu, Tsohuwa." Ta zura. Ta kama ƙarfen. Na sa mata bakin gorar ruwan tuffa, tana zuƙa. Likita ta durƙusa, ta laluba jijiya, ta tsira allura.

Tsohuwa ko motsi ba ta yi ba. Na ga jini ya taho cikin sirinji, baƙi-baƙi, a natse. Wallahi hawaye ne ya cika min ido. Jinin Tsohuwa ke nan ba tsoro a cikinsa, abin da ba wanda ya taɓa gani a gidan nan. Na ce, "Yauwa 'yar albarka, yauwa uwata." Na zaro inabi na miƙa mata ta raga.

Ta kalli sirinjin, ta kalli jajayen yatsuna. Ba ta karɓi inabin ba. Da ɗaya hannun ta kamo yatsuna biyu, manuni da na tsakiya, ta ja su ciki.

Ba da ƙarfi ba. Ina so a ji wannan da kyau, don an sha rubuta akasinsa. A hankali ta ja, ta yage ledar da leɓe, ta shinshina, ta sa yatsun a baki tana lasa. Ina jin ɗumin harshenta. Ta ɗauka ciwo na ji, irin na ranar albasa, sai dai wannan ya fi girma. Likita ta ɗago, fuskarta ta yi fari. Na ce mata ƙasa-ƙasa, "Kar ki motsa. Ci gaba. Za ta saki."

Da an bar ta, da ta saki. Na rantse da Allah da ta saki.

Sai ƙofa ta buɗe. Abokin aikinmu ne, wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a gidan, ya shigo ɗaukar tsintsiya. Mutumin kirki ne, shi ya koya min rabin aikin. A wani wuri da ya taɓa aiki, a gabansa biri ya cire wa wata mata hannu, kuma bai taɓa mantawa ba. Abin da ya gani shi ne yatsuna a bakin Tsohuwa, da tafin hannuna ja jawur. Shi ma ya ga jini. Ya yi abin da dokar wurin ta ce a yi: ya fizgo tukunyar kashe gobara daga bango, ya zare kusar, ya saita fuskarta.

Na buɗe baki in ce kar, ƙarar ta riga ni. Farin hayaƙi mai sanyi ya turnuƙe mu, ya shiga idonta da hancinta. Ta datse haƙora.

Na ji ƙashina ya ce ƙas, kamar an karya busasshen kara. Zafin bai zo nan take ba, ƙarar ce ta fara zuwa. Ta yi baya da ƙarfi, ta ja ni, fuskata ta daki raga, goshina ya tsage, haƙorina na gaba ya gutsure. Ta sake ja, kafaɗata ta goce. Dattijon na ihu yana ƙara fesawa, ni ina ihu da Hausa, "Bari! Bari! Don Allah ka bari!" Wa zai ji ni? Hannunta da ke cikin bututu ta fizge shi da allurar a jiki, allurar ta keta mata jijiya har gwiwar hannu. Sirinjin ya yi tsalle ya fashe a ƙasa. Sannan na ji na faɗi ta baya, sakayau, na ɗaga hannu na ga abin da ya rage.

Tsohuwa ta kama bututun nan da muka yi shekara a kansa, ta tumɓuke shi da kusoshinsa, ta riƙa maka shi a bango har ya tarwatse. Tana yi tana kururuwa, jini na tsartuwa daga hannunta. Ina kwance a siminti, likita ta danne min hannu da tawul, ni kuwa idona na kan ƙasa. Jinin sirinji da nawa da na hannunta duk sun haɗe sun bi magudanar ruwa. Na ce wa likita, "Jinin. Kwashi jinin." Ta ce in yi shiru.

A asibiti wata nas ta yi ta dirzar tafina da auduga, tana mamakin jinin da ya ƙi fita. Ina cikin azaba sai da na daka mata tsawa, na ce ado ne, ta rabu da ni. An gyara kafaɗa, an ɗinke goshi, an daidaita dungulmin yatsun biyu an rufe. Aka yi min allurai, aka ɗebi jinina kwalba bayan kwalba don a ga ko na ɗauki wata cuta daga bakinta. Na miƙa hannu da kaina, ba wanda ya harbe ni.

Maigidana ya baro layin fasinja ya zo a guje, ya tsaya a bakin gado yana ta inna lillahi. Yaya ta shigo da lallenta ita ma, da ɗankwalin biki, tana kuka tana faɗa.

"Ban gaya miki ba, Auta? Ban gaya miki ba? Allah ya isa tsakaninmu da wannan dabba! Su harbe ta kowa ya huta!"

Na ce, "Yaya, in kika ƙara cewa a harbe ta, ki fita min daga ɗaki."

Ta saki baki tana kallona. Tun da aka haife ni ban taɓa yi mata magana haka ba. Maigidana ya ce, "Yi haƙuri Yaya, magani ne ke aiki." Ba magani ba ne.

Dattijon ya zo har gida da jakar lemo. Na ƙi fitowa, sai da maigidana ya ce, "Haba, mutum ya tako har nan, ki fito ki gaisa." Na fito. Ya kalli hannuna na hagu, lafiyayye, ja jawur, ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, ya ɗauka jini ne. Na san gaskiya ya faɗa. Na san don ni ya yi. Amma a ranar na tsane shi, tsana mai tsanani, kuma na daɗe kafin ta sake ni.

Ban warke ba na koma. An ɗaura sabon bututu, an kuma ja layin fenti a ƙasa, nesa da raga, har a ɗakin baya, an ce ba mai ƙetare shi. Tsohuwa ta ƙara lalacewa. Hannunta ya kumbura, tana zaune a lungu da bargo a ka. Ko kallon bututun ba ta yi. Wasu sun gwada, ta juya musu baya. Da ta ji muryata sai ta yaye bargon, ta jawo jiki zuwa raga, can nesa da bututun, ta zuro yatsu tana nuna bandejin hannuna. So take ta duba. Na tsaya a bayan layi kamar gunki, ina ce mata, "Hannu, Tsohuwa. Don Allah, hannu." Na yi lallashi, na yi zagi, na yi kuka. Ita dai bandejin take so, ni kuma an hana ni ba ta.

Da ta daina cin komai, ta fara amai, likita ta kira ni gefe. Ta ce ba sauran jira. In an bar ta, mutuwa ce tabbas, in an harbe ta, akwai ɗan rabo. Ban yi musu ba, don na ga abin da ta gani. Sannan ta roƙe ni abu ɗaya. Tsohuwa ta ƙi shiga ɗakin baya ga kowa, kuma in ba a ciki ba, ba za a iya harbinta lafiya ba. Muryata kaɗai take bi.

Ni na kira ta. Na tsaya a ɗakin baya na ce, "Taho, Tsohuwa. Taho uwata." Ta taho, tana jan bargonta a ƙasa. Aka saki ƙofar ƙarfe a bayanta, garam.

Ta ga bindigar. Na jira ihun nan, da hawa sama, da buga kai. Ta yunƙura za ta hau raga, hannun ya ƙi ɗaukarta, ta zame ta zauna. Allurar ta same ta a cinya, tim. Ta zabura, ta yi ƙara guda. Sannan ta sa hannu ta zare ta, ta jujjuya ta tana kallo. Ta matso bakin raga, ta miƙo min ita, kamar yadda take miƙo kusa da murfin kwalba. Ta tsaya tana jiran inabinta.

Aljihuna babu komai. An ce kar a ba ta abinci kafin barci, ni kuma na bi doka. Na ƙetare layin nan, ba wanda ya hana ni, na karɓi allurar da hannun hagu. Ta ci gaba da kallon aljihuna har idonta ya rufe.

An ɗibi jinin, kwalabe cike. Ana gamawa zuciyarta ta tsaya. Likita ta hau kan teburin da gwiwoyinta, tana danna ƙirjin da duk nauyinta. Ina ji haƙarƙarin Tsohuwa na karyewa ɗaya bayan ɗaya. Aka yi mata allura a ƙirji, aka sa mata na'urar lantarki, jikinta ya yi tsalle ya koma, ƙaurin gashi ya cika ɗakin. Suka yi, suka sake. Daga ƙarshe ni na kama hannun likita na ce ya isa haka.

Da sakamakon ya fito, likita ta kira ni ta nuna min da kanta, ba ta ɓoye komai ba. Suga ta yi sama sosai. Ƙoda ta ɗan taɓu, ba can ba. Ta ce alamu sun fi karkata ga ciwon suga, wanda da an san shi da wuri, da canjin abinci da ƙwaya a cikin ayaba za su iya riƙe ta. Amma ta ce ba za ta rantse ba, don ba ta san nawa ne cuta a cikin lambar nan ba, nawa ne yunwa da ciwon hannu da ganin bindiga. Jinin da zai faɗi gaskiya shi ne wanda ya bi magudanar ruwa.

Na tambaye ta me za a yi da sakamakon yanzu. Ta ce za a aika shi inda ake tara na sauran, don a riƙa gwada na wasu da shi. Na yi dariya, dariyar da ba ta da daɗin ji, na ajiye makullaina a kan teburinta na fita. Ban koma ba. Yanzu a wani ɗakin gwaji nake a Queens, ina karɓar kwalaben jinin karnuka da kuliyoyin mutane, ba na ganin fuskar kowa.

Jan lallen ya bar fata da wuri, amma a farce ya daɗe, yana tafiya gaba a hankali yadda yake yi. Yaya ta yi ta cewa in yanke in huta da ganinsa. Ta kuma yanke hukunci ita kaɗai cewa ni da lalle har abada, ko maganarsa ba a yi a gabana.

Da amaryarmu ta haihu, aka sake tara mata a falon nan ana shirin suna, mai lallen nan 'yar Damagaram ta zo da kayanta. Ta gama da kowa, tana tattara leda, na je na zauna a gabanta na miƙa hannu biyu. Yaya ta ce, "Auta." Ban kalle ta ba.

Mai lalle ta kama hannun daman, ta tsaya a kan dungulmin nan biyu. Ta ce, "Hajiya, nan fa?"

Na ce, "Har da su. Irin na wancan karon. Ja nake so."

Ta ƙunsa. Ya kama sosai, ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi. Na yi yawo da shi a jirgi da bas da wurin aiki har ya goge, kuma babu wanda ya kama min hannu ya duba ko ciwo na ji.